Ranar da Baba Shiru Bai Gama Aski Ba

"Ka yi shiru mana, Maigida! Ba ka ga addu'a yake yi ba?"

Tsawar da na daka wa mijina ke nan a safiyar Asabar ɗin, ina tsaye a ƙofar ɗaki da butar ruwan zafi a hannu. Yana kan kujerar roba a baranda, tawul a wuyansa, kuncinsa na dama an aske shi tas, na hagu kuma kumfar sabulu ta rufe shi. Sai gurnani yake yi, yana buga ƙafarsa mai lafiya a siminti. A gabansa Baba Shiru mai aski na zaune kan benci, ya jingina da ginshiƙi, ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji, rezarsa a buɗe kan cinya.

Na ajiye butar a hankali don kada ta yi ƙara. Na gyara ɗankwali, na haɗa hannuwa, ni ma na rufe ido.

Wanda bai san Baba Shiru ba zai ce na zautu, amma duk layinmu babu wanda ba zai yi abin da na yi ba. Gidansa na kallon namu shekara goma sha tara. In'ina gare shi mai tsanani, kafin ya gama "ina kwana" ka je bakin titi ka dawo. Yana saurayi ya nemi shiga cikin mawaƙan coci, aka ce muryarsa kamar ana jan benci. Ya gwada karanta Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a sau ɗaya, ya maƙale a kalma guda har aka fara ƙunshe dariya, bai sake ba. Sai ya ce tunda Ubangiji bai ba shi baki ba amma ya ba shi hannu, to da hannun zai yi masa hidima. Kwana biyar yana shagonsa kusa da tasha. Ranar Asabar kuwa, ranar da kowane mai aski ba ya samun sukunin cin abinci saboda jama'a, sai ya rufe shago, ya ɗauki akwatinsa na katako, ya bi gidajen mazan da ciwo ya kwantar. Yana so su wayi garin Lahadi da fuskar mutane, ko da ba za su iya zuwa sujada ba. Ko shayi ba ya yarda ya sha a gidan kowa.

Addu'arsa kuma a tsakiyar aiki yake yin ta. Sai ya aske rabin fuska, ya zauna, ya sunkuyar da kai, ya yi tsit na minti uku ko biyar, sannan ya tashi ya ƙarasa. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya ce, "M-m-mai fushi da Allah, in ka ce a yi addu'a, k-korarka zai yi. Amma da r-r-rabin gemu, ina za shi?"

Mijina na cikin masu fushin. Direban babbar mota ne, in ya yi dariya a ƙofar gida ana ji a ƙarshen layi, har ranar da ya faɗi a gareji shekara biyu da suka wuce. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, "a'a" da "ruwa" kaɗai suka rage masa. Ni kuwa kitso ce sana'ata, a fagen surutu kuma ba a bar ni a baya ba. Tun da bakinsa ya mutu na haɗa nawa da nasa ina aiki da su. Ni ke cewa yana jin yunwa, ni ke cewa ya ƙoshi, ni ke amsa gaisuwar da aka yi masa. In ya yi gurnani in ce ya yi shiru. Ya zame mini jiki, ban taɓa ganin laifin hakan ba.

Don haka na tsaya ido a rufe. Na yi wa mijina addu'a, na yi wa 'yarmu da ke karatu a wani gari. Addu'ata ta ƙare, tunani ya ɗauke ni: matar da za ta zo kitso ƙarfe goma, man gashin da ya ƙare ban saya ba. Rediyon maƙwabta ya gama labarai ya shiga waƙa, waƙar ma ta ƙare aka sa wata. Na ce a raina, yau Baba ya zurfafa. Mijina bai daina buga ƙafa ba, har na buɗe ido ɗaya na harare shi.

Sai ya miƙa hannun hagu ya make kofin sabulun da ke kan tebur. Kofin ya bugi gwiwar Baba Shiru. Rezar ta zame ta faɗi ƙasa, shi kuma ya tafi gefe a hankali kamar buhun da aka jingina ba daidai ba, kansa ya sauka kan benci. Idonsa a buɗe yake rabi. Leɓɓansa sun yi toka-toka.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga baranda ta cika da mutane. Nas, maƙwabciyarmu ta bayan gida, ta kutso da hannu jiƙe da ruwan wanki. Ta sa aka kwantar da shi a siminti, ta yage maɓallan rigarsa, ta hau danna masa ƙirji tana ƙirge. Ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Tun yaushe yake haka?"

"Yanzu-yanzun nan," na ce. "Yanzu ya faɗi."

Ta taɓa wuyansa, ta taɓa hannunsa, ta ɗago ta dube ni. Ta ci gaba da dannawa.

"A'a!" in ji mijina. "A'a! A'a!"

"Ku shigar da bawan Allahn nan ciki," wani ya ce, "abin ya taɓa shi." Aka ɗaga shi da kujerarsa aka kai ɗaki, kumfa na bushewa a fuskarsa, yana ta a'a.

A asibiti ba a daɗe ba likita ya fito. Ya ce zuciya ce, kuma rai ya yi halinsa tun kafin mu iso. Muna zaune a bencin jira aka kawo matarsa, Maman Tagwaye, da takalmi ƙafa ɗaya. Ta girme ni da shekara goma, Yaya nake ce mata, ita ta riƙe ni ranar da mijina ya faɗi. Ta wuce Fasto, ta wuce Nas, ta zo ta kama hannuwana biyu.

"Ƙanwata, ke kina wurin. Ya sha wahala? Ya ce wani abu?"

"Addu'a yake yi, Yaya," na ce. Bakina ne ya riga ni. "Yana cikin addu'a Ubangiji ya ɗauke shi. Ko motsi bai yi ba."

Ta sauke numfashi mai tsawo, ta jingina goshinta a kafaɗata. "To, na gode wa Allah," ta ce. "Na gode wa Allah."

Kafin la'asar maganar ta zaga unguwa, ta dawo mini da ado. Wai hannunsa na kan mijina yana sa masa albarka. Wai fuskarsa ta yi haske. Masu zuwa ta'aziyya, in sun fito daga gidan Maman Tagwaye, sai su tsallako namu su ce in nuna musu bencin. Na nuna. Na ba da labarin sau goma, sau ashirin, kullum yana ƙara laushi a bakina. Ban faɗa wa kowa rediyo ya gama labarai da waƙa biyu ba.

Ranar Talata aka yi jana'iza. Coci ta cika har waje. An kawo wasu daga cikin mutanensa a keken guragu, an jera su gaba, kowa da toho a haɓa, abin da ba a taɓa ganin su da shi ba a cikin taro. Fasto ya yi magana kan baiwa. Ya ce wannan mutum bai zauna kukan abin da aka hana shi ba, ya ɗauki ɗan abin da aka ba shi ya yi ta aiki da shi har numfashin ƙarshe. Gaskiya ya faɗa, kowa ya san gaskiya ce. Sai ya juyo ya nuna ni.

"Ga 'yar'uwarmu nan, da idonta ta gani. Tashi, Mama, a gan ki."

Na tashi. Jama'a suka ce amin, Maman Tagwaye ta waiwayo daga bencin gaba ta gyaɗa mini kai, tagwayenta manya biyu a gefenta. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige.

A gida kuwa mijina ya yanke hulɗa da ni. In na kawo cokali bakinsa sai ya kau da kai. 'Yarmu da ta zo jana'iza ita ke ba shi abinci, daga hannunta yana ci. An kawo wani mai aski daga tasha ya ƙarasa masa fuska, ya kore shi da a'a har maƙwabta suka leƙo. Haka ya zauna, ɓari ɗaya gemu ya yi duhu, ɓari ɗaya yana tsirowa, in na shigo ɗaki ya bi ni da ido har in fita.

Laraba da hantsi 'yarmu ta koma makaranta, muka rage mu biyu. Na fito da shi baranda ya sha iska, na ajiye masa shayi.

"Ka sha don Allah. Ko so kake ka bi shi, a ce ni na kashe ka da yunwa?"

Bai kalli kofin ba. Ya nuna ƙarƙashin tebur. Akwatin Baba Shiru ne a wurin. A ruɗewar ranar an manta da shi, ni kuma na tura shi can na rufe da tsumma don ba na iya kallonsa.

"Zan mayar mata, ka bari a kwana biyu."

"A'a."

Sai ya fara. Da hannu ɗaya ya ba ni labarin da ya kwana huɗu yana neman mai saurare. Ya nuna benci, ya shiga kwaikwayon Baba Shiru. Ya dafe ƙirjinsa, ya cukuikuyi rigarsa, ya buɗe baki yana neman iska. Ya sauke hannun ƙasa, gefen ƙafa, yana laluɓe, yana laluɓe, babu komai. Ya ɗago yana waige-waige. Sannan ya nuna taga, can ƙarshen baranda. Ya yi kamar zai tashi, ya koma. Ya sake yunƙurawa, ya koma. Ya saki kansa a ƙirji.

Sai na tuna. Kullum Baba Shiru a gefen ƙafarsa yake ajiye akwatinsa, a buɗe. Ranar na fito da tsintsiya, na ga akwatin ya tare mini hanya. Na ce, "Baba, kai da tarkacenka," na rufe shi na ɗora kan taga, na share, na wuce kicin ɗora ruwa. Dariya ma ya yi mini.

Na jawo akwatin na buɗe. Almakashi biyu, mataji, buroshi, sabulu, tawul huɗu a ninke, wankakku, ba a taɓa su ba. A cikin murfin akwai wani ɗan aljihun fata. Na zura yatsa na fito da ƙaramar kwalbar ƙwayoyin magani, mai launin ruwan ƙasa, an naɗe ta da takarda an ɗaure da roba. Na san rubutun, na Maman Tagwaye ne, ita ke rubuta mana sunaye a taron mata. Ta rubuta: "Ɗaya ƙarƙashin harshe, nan take."

Na zauna daɓas a siminti. Mijina ya nuna bakinsa, ya nuna ni, ya ɗora yatsa a leɓɓansa yadda nake yi masa. Hawaye ya gangaro ya shige cikin gemunsa.

Na zaga bayan gida wurin Nas, na same ta tana shanya. Na nuna mata kwalbar.

"Da an ba shi, da ya tashi?"

Ta juya kwalbar a hannu, ta karanta, ta mayar mini. "Ban sani ba. Wataƙila ya tashi, wataƙila ko an ba shi tafiya ce. Babu likitan da zai rantse miki." Ta ɗauki wani zani ta yarfe shi. "Amma da na zo hannunsa ya fara sanyi. Kin sani, na sani. Ban faɗa wa kowa ba, ba kuwa zan faɗa ba. Maganarki ce."

Ba zan yi wa kaina ado ba: na yi niyyar jefa kwalbar a masai. Na je har ƙofa da ita. Matar nan ta sami abin da take riƙewa ta yi barci, wa ya aike ni in ƙwace mata? In na faɗa, na rasa Yaya, na rasa fuskata a coci, duk wadda ta zauna gabana kitso za ta san abin da hannun nan suka ɗauke. In na yi shiru kuma, kullum zan buɗe ƙofa in ga tata, in gaishe ta, ta ce mini ƙanwata. Na ƙulle kwalbar a gefen zani na kwana da ita.

Alhamis da safe na ɗauki akwatin na tsallaka. 'Yan zaman makoki sun ragu, tagwayen sun fita kai baƙi tasha. Na same ta a tsakar gida kan kujera 'yar tsuguno, tana goge tawul a kan tabarma, ta tara su gefe.

"Shigo, ƙanwata. Kin ga ni, hannu ya saba. Kowa da nasa tawul, ba ya haɗa wa mutum biyu ɗaya. Goma sha ɗaya ne." Ta hango akwatin. "Au, kin kawo. Ajiye nan."

Ban ajiye ba. Na durƙusa da shi a gabanta.

"Yaya, ƙarya na yi miki."

Ta tsayar da dutsen guga a tsaye.

Na faɗa mata. Ni da ake cewa ba a rufe mini baki, ranar sai da na riƙa jawo kowace kalma da ƙyar. Na faɗi tsintsiya da taga. Na faɗi yadda ya laluɓa ƙasa. Na faɗi yadda mijina ya yi ta kirana da abin da ya rage masa na murya, na ce ya yi shiru. Na kwance gefen zani na ajiye kwalbar kan tabarma.

Ta daɗe tana kallon kwalbar ba ta taɓa ba.

"Minti nawa?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Kin sani. Minti nawa?"

"Rediyo ya gama labarai. An yi waƙa biyu."

Ta rufe ido. "Kina tsaye."

"Ina tsaye."

"Taku nawa tsakaninki da shi?"

"Uku. Ko huɗu."

"Kuma a asibiti na kama hannunki." Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi mini sauƙi. "Na je gaban jama'a na ce mijina bai sha wahala ba. Na gaya wa 'ya'yansa. Na yi ta gode wa Allah a kan maganarki."

"Ki yafe mini, Yaya."

Ta ɗauki kwalbar, ta gyara robar da ta karkace.

"Shekara uku ke nan ina sa masa wannan a aljihun nan," ta ce, kamar da kwalbar take magana. "Likita ya ce ya rage yawo, ya bar hawan bene. Na ce masa, Baban Tagwaye, ko mutum ɗaya ka gaya wa a kowane gida, su san inda take. Ya ƙi. Ya ce in sun sani za su ba shi kujera su ce ya huta, su koma su ne ke yi masa sannu. Ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Kullum ina ganinki a ƙofa, muna hirar tsadar sabulu, ban taɓa ce miki ƙanwata, in kin ga ya daɗe a addu'a, duba cikin murfin akwati ba." Ta share ido da bayan hannu. "Na riƙe masa alkawarinsa tsaf."

Na miƙa hannu zan taɓa ta, ta janye ƙafa.

"Tashi ki tafi. Yau ba zan iya kallon fuskarki ba."

Na kai ƙofa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Asabar ƙarfe bakwai ki zo. Ki sa takalmin tafiya."

Na dawo gida na tsuguna gaban mijina. Na ce, "Na gaya mata. Duka. Kai ma ka yafe mini, Maigida, shekara biyu ina rufe maka baki." Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ruwa." Na kawo, ya sha daga hannuna har ya ƙare. Da yamma ya shafa haɓarsa ya nuna ni. Na sayo reza a shago, na zauna na daidaita masa fuska, na yanke shi wuri biyu, bai ce a'a ba ko sau ɗaya.

Jumma'a ban ga Maman Tagwaye ba, ƙofarta a rufe ta wuni. Na yi ta saƙe-saƙe. Ko gidan Fasto za ta kai ni in maimaita a gabansa? Ko maƙabarta? Duk inda ta ce, na ce a raina, zan bi.

Asabar ƙarfe bakwai na same ta a ƙofa da akwatin a hannu. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na ce in karɓa mata, ta ce a'a. Muka bi ta bayan tasha, muka wuce masu walda, muka tsallake wata kwata, ita a gaba ni a baya. Sai da muka shiga wani lungu da ban taɓa sanin yana unguwarmu ba ta tsaya.

"Gida huɗu suka rage masa ranar, bayan naku," ta ce. "Uku sun ji a coci. Wannan ba ɗan cocinmu ba ne, babu mai zuwa wurinsa. Tsohon mai gadi ne, idonsa ya tafi, jikarsa tun asuba take fita aiki. Bai sani ba." Ta dube ni, karo na farko tun Alhamis. "Ni ba zan iya faɗa ba. Ke Allah ya ba ki baki. Yau ki yi aiki da shi."

Ɗaki ɗaya ne da ɗan fili a gaba. Tsohon na zaune kan kujerar ƙarfe a bakin ƙofa, ya fuskanci rana, siriri, gemunsa fari na mako biyu ya yamutse. Ya ɓalle maɓallin wuyan rigarsa ya naɗe kwalar ciki. A gefensa ga kwano da ruwa yana tururi. Da ya ji almakashi na ƙara a cikin akwati sai fuskarsa ta washe.

"Sarkin surutu! Ka tuna da ni?" Ya yi dariya, ba haƙori ko ɗaya a sama. "Wancan satin na zauna nan har rana ta ƙone mini ƙeya. Na ce ko maganar da na yi ce, da na ce hannunka ya fara rawa? Wasa nake yi, mutumina. Tsoho ba ya wasa?"

Maman Tagwaye ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Na matsa na durƙusa. "Baba, ina kwana. Ba shi ba ne. Ni maƙwabciyarsa ce, ga kuma matarsa."

Dariyar ta tsaya a fuskarsa, ba ta tafi ba, ba ta ci gaba ba. "Lafiya?"

"Baba, ya rasu. Asabar ɗin da ta wuce, a gidana, yana yi wa mijina aski. Daga wurinmu nan zai zo. Ga tawul ɗinka ma a cikin akwati, a ninke. Bai yi fushi da kai ba."

Tsohon bai motsa ba. Can masu walda sun fara aiki, ana jin ƙarar ƙarfe. Ya ɗaga hannu ya taɓa kwalar da ya naɗe, ya bar hannun a wurin.

"Shekara shida," ya ce. "Ban taɓa jin ya gama magana ɗaya ba." Ya juyo da fuskarsa wajena. "Ya sha wahala?"

Na ji idon Maman Tagwaye a bayana.

"Ya sha, Baba," na ce. "Na ɗan lokaci. Ina wurin, ban gane ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya daɗe yana gyaɗawa. Sannan ya fara laluɓen maɓallinsa zai mayar. "To, ku zubar da ruwan nan, kada wani ya yi tuntuɓe."

"Bar maɓallin, Baba," in ji Maman Tagwaye.

Ta tsuguna ta buɗe akwatin, ta zaɓo tawul mai ratsin kore, ta warware ta ɗaura masa a wuya. Ta ɗauko buroshi da sabulu ta miƙo mini.

"Yaya, ni kitso na iya. Shekaranjiya wuri biyu na yanki mijina."

"To yau ki yanki ɗaya." Ba ta yi murmushi ba. "Karɓi, ƙanwata, ruwa na jira."

Na karɓa. Ta zaga bayan kujerar, ta tallafe kan tsohon da tafukanta biyu. Na tsoma buroshin, na murza a sabulu har ya yi kumfa, na fara shafa masa daga haɓa. Kumfa na ɗiga kan tawul.

"A hankali, 'yata," tsohon ya ce, ya ɗaga haɓarsa sama. "Akwai wani ƙullutu nan ƙarƙashin kunne. Shi ya san wurin, kewaye shi yake yi."

Ya laluɓo cikin iska har ya sami yatsana, ya ja shi, ya ɗora a wurin.